Durom ɗin ciyar da barewa da na haɗa a Texas yana toshewa, ina mafita?

Mai Walda: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina aiki a wani gandun kiwo a yankin duwatsun tsakiyar Texas, kusa da garin Llano. Maigidana ya ce in ƙera masa mazubin abincin barewa, irin wanda ba ya son batir ko inji, nauyin abincin ne ke gangaro da shi, dabba ta ci wani ya sauko. Na kanti akwai tsada. Na samo durom na roba mai galan 55, kimanin lita 208, wanda a da kayan abinci aka zuba a ciki. Na huda gindinsa, na sa bututun PVC mai inci 4, na raba shi gida biyu da gwiwa, wato lanƙwasasshen mahaɗin bututu, na ɗora a kan ƙafafun ƙarfe huɗu. Buhu biyar na felet, wato abincin dabba da aka matse ƙwaya-ƙwaya, mai furotin kashi 20 cikin ɗari na juye a ciki. Bayan kwana tara aka yi ruwa. Da na je sai na tarar bakin bututun ya cushe, felet ya kumbura ya zama kamar dambun da ya kwana, har ya fara fumfuna. Ga aladun daji sun tone ƙarƙashinsa, ƙafa ɗaya ta nutse. Abin ya dame ni ƙwarai domin amana aka ba ni. Wanda ya taɓa irin wannan aiki ya taimaka.

Baban Sadiq: Wa'alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari ƙanena. Na yi shekaru ina wannan aikin a kudancin Texas. Kafin in ce komai, gindin durom ɗin a shafe ka bar shi, ko ka sa mazurari a ciki? Kuma gwiwar da ka sa mai lanƙwasa sosai ce?

Mai Walda: A shafe yake Yaya, rami kawai na yanka a tsakiya. Gwiwar kuma mai kusurwar digiri 90 ce.

Baban Sadiq: To ga ciwon nan. Felet ba masara ba ce. Masara santsi gare ta, ko ta ƙaramin rami sai ta zube. Felet kuwa gari ne aka matse, jikinsa kaushi, yana da ƙura, kuma da ya sha danshi sai ya kama juna ya yi gada a saman rami, ƙasa babu komai, sama a cike. Inci 4 ya yi masa kaɗan. Koma inci 6, wato santimita 15. Cire gwiwar nan mai 90, ka nemi mahaɗi mai siffar Y wanda reshensa ke tafiya a kan digiri 45, yadda abincin zai zame ba tare da ya sami wurin zama ba.

Sai maganar mazurari, kuma ita ce ta fi muhimmanci. Duk durom mai shafaffen gindi, abincin tsakiya ne kawai ke sauka. Na gefe yana nan zaune zagaye da bango, kana ƙara sabo a kansa, shi yana tsufa yana ruɓewa a ƙasa. Tunda kai mai walda ne, yanki farantin kwano mara tsatsa ka naɗe shi ya zama mazurari, bakinsa ya cika faɗin durom, tsininsa ya shiga bututu. Kada ya kwanta. Ni nakan sa gangarensa ya kai digiri 60, don a 45 ƙurar felet takan maƙale. Inda ya haɗu da bangon durom ka bi shi da silikon, kada gari ya riƙa shiga bayansa. Za ka yi asarar wuri a cikin durom, amma duk abin da ka zuba zai fita.

Bakin da dabba ke sa hanci kuma, yanke shi a karkace, leɓen sama ya fi na ƙasa tsawo ya zama rumfa. A leɓen ƙasa ka huda ƙananan ramuka uku ko huɗu waɗanda felet ba zai bi ba, ruwan da ya fantsama ya tsiyaye. Ka lura da inda iskar ruwa ta fi kaɗowa a wurinku, kada baki ya fuskanci can.

Ɗan Gwandu: Ku yi mini afuwa, ni ina gida Najeriya ina karantawa. Barewar daji ake saya wa abinci buhu-buhu? Me ya hana ta kiwo da kanta?

Baban Sadiq: Tana kiwonta Malam, wannan ƙari ne. Kuma ba irin barewarmu ba ce. Ita wannan ana ce mata mai farar wutsiya. Ƙahon barewarmu da na rago sau ɗaya yake fitowa ya zauna har mutuwa. Na wannan ƙashi ne mai rassa, namiji ne ke da shi, kuma kowace shekara faɗuwa yake yi tsakanin Janairu da Maris, sabo ya tsiro. Yana girma tun daga bazara har watan Agusta, lulluɓe da fata mai laushi cike da jini, sannan a Satumba ya bushe, dabbar ta goge fatar a jikin itace. A daidai watannin nan ne matan ke haihuwa, Mayu da Yuni, bayan ciki na kwana kusan 200, su shiga shayarwa. Lokacin kuma Texas ke zafi, ganye ya ƙone. Masara furotin ɗinta bai wuce kashi 8 ko 9 cikin ɗari ba, felet kuwa 16 zuwa 20. Shi ya sa ake bambanta mazubin masara mai inji, wanda ke watsa 'yar kaɗan safe da yamma don jawo dabba, da wannan na furotin da ke buɗe dare da rana.

Sarkin Baka: Ni fa 'ya'yana wannan magana ba ta kwanta mini ba. Na yi farauta tun ina saurayi, na san abin da ake kira bin sawu, ka kwana a dawa, ka karanta iska. Ka ciyar da dabba wata takwas har ta saba da wuri, sannan ranar da ka ga dama ka zauna ka harbe ta, wannan kiwo ne, a kira shi da sunansa. Dabbar dawa da ta dogara da hannun mutum ta tashi daga ta dawa.

Mai Walda: Allah ya ƙara maka lafiya Kawu. Maganarka tana da nauyi, kuma su kansu Amurkawa sun rabu a kanta. Akwai mafarauta a nan da ba sa yarda su harbi dabba a kan abinci ko da doka ta halatta. Abin da zan iya faɗa shi ne a gandunmu ba a harbi kusa da mazubin furotin. Ana daina cika shi kafin lokacin farauta da bindiga, wanda ke buɗewa farkon Nuwamba. Kuma yawancin masu cin abincin mata ne da 'ya'yansu.

Sarkin Baka: Idan haka ne da sauƙi. Amma ina nan kan bakana, gyaran dawa ya fi cika durom. A rage shanu a wurin, a bar ganye ya tsiro, a sama musu ruwa.

Likitan Dabbobi: Kawu ya faɗi gaskiya, kuma ina so in ɗora a kai, domin akwai abin da ya fi toshewar bututu haɗari. Akwai cutar da ake kira CWD, mai rame barewa ta lalata mata ƙwaƙwalwa. An fara gane ta a 1967 a jihar Colorado, a cikin barewar da ake tsare da su don bincike. Ba ƙwayar cuta irin wadda muka saba ba ce, furotin ne da ya lalace, dangin abin da ke kawo haukan shanu. Babu magani, babu rigakafi, dafuwa ba ta kashe shi, kuma yana iya shekaru a cikin ƙasa. Yana fita ta miyau da fitsari da kashi. To ku dubi mazubin nan: dabba talatin na cusa hanci a baki ɗaya kullum, suna barin miyau. A dawa da wuya su haɗa baki haka. An sami cutar a Texas a 2012 a can yamma, a duwatsun Hueco, sannan a 2015 a wani gidan kiwon barewa a gundumar Medina, wadda ba ta da nisa sosai da yankinku Mai Walda. Ban ce kada a yi ba, tunda a Texas doka ta yarda a fili mai zaman kansa. Amma maigidanka ya riƙa bin sanarwar hukumar namun daji ta jihar. In kuka ga dabba ta rame, kai a sunkuye, miyau na dalala, ba ta gudun mutum, ku kira hukuma, kada ku ci. Ba a tabbatar da ta kama mutum ba, amma hukumomin lafiya sun ce a guji naman wadda gwaji ya nuna tana da ita.

Abu Hanifa na Detroit: Likita ya taɓo inda nake so. Don Allah duk wanda ke wata jiha kada ya kwaikwayi wannan sai ya duba dokar inda yake. Mu a Michigan, tun farkon 2019 an hana zuba wa barewa abinci a duk ɓangaren kudu na jihar, saboda wannan cuta. Ga kuma tarin fuka na shanu da ya daɗe a cikin barewar arewa maso gabashin yankin. Abin da yake halas a Llano tara ce a wurinmu.

Mai Walda: Na gode Likita, na gode Malam. Zan kai wa maigida wannan maganar yau. To aladun fa? Su ne suka fi ci mini tuwo a ƙwarya.

Baban Sadiq: Alade ba ka da maganinsa sai shinge, kuma in da ni ne da shinge zan fara kafin durom. Akwai ragar ƙarfe mai kauri da ake sayarwa a shagunan kayan gona, kowace tsawonta ƙafa 16, tsayinta inci 34, ramukan ƙasa ƙanana. Babbar barewa tsallake ta take yi ba wahala, alade kuwa ba ya iyawa. Ka jera su da'ira, kada ka yi kusurwa, ka kafa turken ƙarfe a kowace mahaɗa da kuma tsakiyar kowace raga, ka ɗaure da waya, gindin ya zauna daram a ƙasa don da hanci alade ke ɗagawa. Raga 6 za su ba ka fili mai faɗin ƙafa 30, amma ya yi matsi, barewa ba ta son faɗawa inda take jin an ritsa ta. Raga 12 za su ba ka kusan ƙafa 60, wannan shi ne daidai. Saboda 'ya'ya, ka rage tsayin a wuri biyu ko uku zuwa inci 28, sai su iya bi. Kada ka sauka ƙasa da haka, manyan aladu za su haura.

Su kuma ƙafafun, ka yi musu walda da faranti a ƙasa ko ka ɗora su kan bulo, ka kafe su da turke. Ka baje su sosai. Namiji mai ɗanyen ƙaho yana tsoron ya buga shi, domin yana jin zafi kuma yana jini, in ya karye a lokacin haka zai tsaya a karkace har shekara ta zagayo. In ya ga ƙarfe kusa da bakin abinci ba zai zo ba, sai mata da ƙanana su cinye. Bakin ya rataya a tsakiya shi kaɗai, tsayinsa daga ƙasa kamar mita ɗaya, inci 36 zuwa 42.

Ummu Khalil: Yaya Baban Sadiq ka manta da rakun. Mu a wajen San Antonio su ne suka fi yi mana ɓarna. Ga waɗanda ba su san shi ba, dabba ce kamar babban muzuru, fuskarta da baƙin zane, hannayenta kamar na yaro. Yakan hau ya zauna a kan bututu ya yi ta yaso abinci yana zubarwa har gari ya waye. Maigidana ya zura wa kowace ƙafa bututun roba mai faɗi wanda ke juyawa, in ya kama sai ya sulluɓe. Murfin kuma sai da zobe mai makulli, don buɗewa suke yi.

Baban Sadiq: Gaskiya ne Hajiya, na gode da tuni. Kuma tunda an zo kan murfi: ko ruwa bai shiga ba, durom yakan yi gumi daga ciki in rana ta dake shi dare kuma ya yi sanyi. Na ƙarfe ya fi yi. Ka huda 'yan ramuka a can sama ƙarƙashin leɓen murfi, ka rufe su da ragar sauro don iska ta riƙa wucewa.

Ɗan Maradi: Ina ta jira in ji an ambaci angurya. Mu da ita muke ƙiba raguna. Can babu ne?

Likitan Dabbobi: Akwai ta sosai Malam, Texas ce kan gaba a noman auduga a Amurka, kuma masu gandu da yawa na ba barewa angurya. Furotin ɗinta ya haura kashi 20, ga mai, ruwa ba ya lalata ta kamar felet, aladu kuma ba su cika damuwa da ita ba. Sai dai ba ta bin bututu ko kaɗan saboda gashin jikinta, a kejin raga ake zuba ta dabba ta riƙa zara. Tana kuma da sinadarin gosifol, wanda in ya yi yawa yana rage wa namiji ƙarfin haihuwa, shi ya sa ake janye ta makonni kafin lokacin barbara.

Hajiya Mai Tumaki: Ni kuwa abin ya ba ni sha'awa ta wani gefen. Ina da tumaki da awaki goma sha biyu a bayan gida a Kano. In na sa a haɗa mini irin wannan in cika da dusa da masara, ba na huta da zuba musu safe da yamma ba?

Likitan Dabbobi: Hajiya don Allah kada ki yi haka. Duk mai kiwo ya san abin da ke faruwa in akuya ta kwance ta faɗa buhun hatsi: tumbi ya yi tsami, ciki ya kumbura, zawo, wani lokaci kafin safe ta mutu. Mazubin da ba ya rufewa buhun hatsi ne buɗaɗɗe. Barewar dawa tana da ganye ko'ina, tana zuwa ta ɗan ci ta wuce, kuma felet ɗinta an haɗa shi da harawa mai yawa. Dabbar da ke ɗaure ba ta da wannan zaɓin. Ko barewar ma, in aka cika mata masara zalla lokacin da cikinta bai saba ba, tana mutuwa da wannan ciwon. Dusa kuma ba za ta gangara ba, cushewa za ta yi. Abu ɗaya da zan ƙara ga masu tumaki a nan Amurka: abincin barewa ana sa masa sinadarin jan ƙarfe da yawa, tunkiya kuwa hantarta tara shi take yi har ya kashe ta. Kada a bar tumaki su kai gare shi.

Hajiya Mai Tumaki: Allah ya saka da alheri Likita, na fasa. Zan ci gaba da awo da kwano.

Baban Sadiq: Mai Walda, saura lissafi, kuma ka yi shi da maigidanka tun yanzu. Buhu ɗaya laba 50 ne, kusan kilo 23. Barewar da ta saba takan ci kilo ɗaya zuwa biyu a rana. Ka ce guda 20 ke zuwa, kowace kilo ɗaya, kusan buhu ke nan kullum. Buhu biyar ɗinka ba za su kai mako ba. Yankinku kuwa yana cikin wuraren da barewa ta fi yawa a duk Texas. Mutane da yawa sukan fara da zafi a Maris, zuwa Yuli kuɗi ya ƙare su daina, daidai lokacin da uwa ke shayarwa kuma dawa ta bushe. Gara a yi mazubi ɗaya a riƙe shi har kaka da a yi uku a bar su wayam. Kuma kada maigida ya sa ran ganin manyan ƙahoni bana. Namiji ba ya kai ƙarshen ƙahonsa sai ya shekara biyar zuwa shida, in ana harbe su suna da biyu, ko tirela guda aka zuba ba za a ga komai ba.

Sarkin Baka: Yanzu ka zo inda nake. Haƙuri da barin dabba ta girma.

Mai Walda: Jama'a na dawo da labari bayan mako uku. Na zubar da duk abincin da ya yi fumfuna, na binne shi nesa, don Likita ya gaya mini a gefe cewa gubar aflatoksin da fumfuna ke haifarwa tana kashe talotalon daji da 'yan fakara tun kafin ta taɓa barewa. Na wanke durom na shanya kwana biyu. Na naɗa mazurari, na koma inci 6 da mahaɗin Y, na yi wa kowane baki rumfa. Raga 12 muka kafa ni da wani abokin aiki, yini guda cur, ƙasar nan dutse ce. An yi ruwa sau biyu tun daga nan, na sa hannu a bututu na ji felet a bushe yana zuba.

Kwana shida na farko ba wadda ta shiga. Kyamarar da muka ɗaure a itace ta nuna suna zagayawa suna sansana ragar su juya. Na watsa masara kaɗan a waje da cikin shingen, na gauraya wata a saman felet. Dare na bakwai wata uwa ta tsallaka, washegari huɗu, yanzu har maza biyu masu ɗanyen ƙaho. Aladu sun zo sun bi shingen sun tafi. Maigida ya yarda mu tsaya a mazubi ɗaya bana, kuma ya kwashe shanu daga wannan ɓangaren har ganye ya farfaɗo, kamar yadda Kawu ya ce.

Abu ɗaya ya rage. 'Ya'yan suna bi ta inda na rage tsayi, amma bakinsu ba ya kai wa bututun, sai su tsaya suna tsintar abin da ya zube.

Baban Sadiq: Madalla, aiki ya yi kyau. Kada ka sauke duka. Ƙara wa reshe ɗaya guntun bututu ya sauko zuwa kamar inci 28, ɗayan ka bar shi yadda yake don manya. Sai ka riƙa duba na ƙasan bayan kowane ruwa, shi ne zai fi shan fantsama.

Mai Walda: To Yaya, akwai ragowar inci 6 a shago, gobe bayan asuba zan yanka in Allah ya kai mu.